Gishirin Rigata

Ƙwaya ɗaya da asuba, fara, ƴar mitsitsiya,
ita ke korar ruwan da ya kumbura ƙafafuna.
Kafin hantsi na zaga bayan rumfa sau biyar.

Ga kuma zafin Tawa.
Shi ma ruwa yake karɓa, ba ya ba da canji.

Tsahara, ɗalibar likita, ta zo da sikeli.
Ta auna ni da safe, ta auna da la'asar:
kilo biyu sun ɓace tsakanin buhunan albasa.
"Baba Anaruwa, moɗa nawa ka sha?
Jiri fa?"

Na tuɓe rigata.
Farin zanen gishiri a baya,
kamar bakin tabkin da rani ya lashe.
Karanta nan, ƴata.
Jikina ya riga ki rubutu.