Fam Biyar

Sha ɗaya na dare a Bradford,
ruwa na zuba siriri, kamar mai gulma.
Na ɗauki mutum biyu a ƙofar gidan cin abinci:
Kansila Pemberton, wanda hotonsa ke manne a tagar mai askinmu,
da Ashworth magini, mai dariya kamar tari.

Sun ɗauka direban tasi bango ne.
Sun manta bango ma da kunne.

Ban ga ambulan ba.
A garinmu da buhu ake zuwa, a rufe ƙofa,
a kori yara tsakar gida.
A nan kuwa abin ya sa kwat, ya fesa turare,
yana cewa don Allah, yana cewa na gode.
“Yaronka ya gama jami'a, ko?
Ya leƙo ofis ran Litinin.”
Sai kansila ya gyara murya:
“Filin nan na bayan laburare,
kwamiti zai duba shi da idon rahama.”

Filin nan na san shi.
A nan Mudansir ya koyi keke,
ya bar fatar gwiwarsa a gindin benci na uku.
A nan tsohuwa Doreen ke zagayawa da karenta gurgu
tun rasuwar mijinta.

Ran Alhamis aka ɗaga hannu,
bakwai suka rinjayi shida.
An rubuta, an sa hannu, an buga hatimi,
ko alƙali ba zai ga ƙura a takardar ba.
Wanda ya ci ladan kuturu ya yi masa aski,
ya share askar, ya mayar kube,
ya fito a jarida yana yanka kirtani.

Yanzu katanga ce ta langa-langa,
da zanen benaye, da zanen yara suna dariya,
yaran da ba a haifa ba,
yaran da ba sa faɗuwa daga keke.

Ni ma ba zan wanke kaina tas ba.
Da zai sauka, kansila ya miƙo fam biyar bisa kuɗin mita,
ya ce in sha shayi.
Na karɓa. Har na ce Allah ya ƙara girma.

Tana nan cikin aljihun mota,
tsakanin carbi da takardar inshora.
Wata huɗu ke nan.
Na kasa kashe ta,
na kasa ba da ita sadaka.