Gefen da Ba a Gani

A Le Brassus hunturu ba ya sallama.
Ka farka ka tarar ya toshe ƙofa da ƙanƙara,
tafki ya daskare, yara na gudu a bayansa.
In na hau bene, Madam Apolline Guignard ta riga ni zama,
gilashi a ido ɗaya, haɓa dab da tebur.
Ba ta amsa gaisuwa
sai ta saki numfashin da ta riƙe.

Agogo shida take ƙerawa a shekara.
Bara biyar ta yi, ba ta ba kowa haƙuri ba.

Wata takwas na yi a kan kusoshi kaɗai,
kowace ba ta kai ƙwayar gishiri ba.
In goge, in ɗora kan wuta, in kafa musu ido:
ruwan zuma, ruwan ƙasa, shunayya,
sai shuɗi. Nan ake ɗaukewa.
Ƙiftawa ɗaya ka makara, launi ya tsere,
ka koma farko.

Wata rana na gaji, na ce mata,
wannan gefen da muke sulɓewa
da busasshen karan furen dutse,
yana ƙarƙashin ƙarfe, ƙarfen ƙarƙashin murfi,
wa zai gan shi?
Ba ta ɗago ba.
Ta ce, "Wanda zai buɗe shi bayan shekara sittin.
Ba a haife shi ba tukuna,
amma ina jin kunyarsa."

Mai lamba arba'in da ɗaya na wani likita ne a Trieste,
Ottavio Bressan. Shekara bakwai yana layi.
Bai nemi lu'ulu'u ba, bai nemi hoton wata ba.
Farar fuska kawai, da doguwar allurar daƙiƙa
wadda tsohon ido zai iya bi
yayin da yatsu biyu ke kan jijiyar maras lafiya.
Kowace Disamba yakan aiko kati:
ba gaggawa nake ba.
Bana katin bai zo ba.

'Yarsa ce ta zo, Nives, a watan Maris,
taɓo har idon sawu.
Ta tsaya bakin ƙofa, ta ce tun Nuwamba.
Ta ce ita ba ta san kan agogo ba,
a sayar wa na bayansa.

Madam ba ta iya doguwar ta'aziyya ba.
Ta jawo aljihun tebur, ta warware ƙyalle,
ta aza mata shi a tafin hannu, shiru, a tsaye.
"Murɗa nan. Sannu. Sau ashirin."

A na bakwai ya motsa.
Siririn zaren ƙarfe, wanda gashi ya fi shi kauri,
ya buɗe, ya rufe, ya buɗe,
haƙora suka kama juna a kan jan yakutu,
ɗakin da nake zaton shiru ne
ya ƙara yin shiru don a ji shi.

Ta kai shi kunne. Ta daɗe.
Sannan, ba tare da ta sani ba,
yatsunta biyu suka sauka kan wuyan hannunta,
leɓɓanta na ƙirga.

Maɗaurin an yanka shi ne daidai hannun namiji.
Ni na huda sabon rami a fatar,
biyu ma, don na farkon ya karkace.

Da ta sauka bene, muka ji ƙarar ƙofa.
Madam ta mayar da gilashi ido, ta ɗauki magagari.
Ni kuwa ranar kusa uku na ƙona,
ta gani sarai,
ba ta ce komai ba.