Hoton Da Aka Datse

Ƙarfe huɗu, duhu ya riga ya sauka kan Hereford.
Kogin Wye ya cika ya batse, yana lasar ƙafar gada.
Ina hawa na biyu, saman shagon mai gyaran agogo,
inda kamfaninmu ke haya, ba ko allo a ƙofa.

Magana ce sana'ata, a kanta ake biyana.
Yau shiru aka saya, shi ma da farashinsa.

Ga hoton a gabana:
samari ɗari uku sun ja sahu a filin fareti,
a wata ƙasa da aka hana ni faɗin sunanta.
Bara waɗansu na daji, waɗansu na bariki,
suna harbin juna ta tsallaken rafi guda.
Bana kaki ɗaya, takalmi ɗaya, tukunya ɗaya.
Can gefen hagu Ivor Penhale, tsohon saje,
hula a hammata, rana ta gasa masa wuya.
Wata goma sha huɗu ya yi yana nanata musu
cewa kowace bindiga da lambarta,
lambar tana cikin littafi,
littafin kuma akwai mai zuwa ya duba.

Da safe na rubuta sanarwa, shafi guda.
Kafin azahar waya ta yi ƙara daga Landan,
murya kamar man shanu a rana:
"Mai girma jakada ya yaba ƙwarai.
Sai dai zaɓe ya ƙarato a can gida.
Kada a ce sojan ƙasa, ɗan haya ne ya yaye shi."
Ba a jima ba namu na harkokin waje suka bugo.
Ba su ce cire ba, ba su ce bari ba,
sun dai gaida kwangilar baɗi, da jiki.

Mai kamfani na son suna, don suna ke kiran ciniki,
yana kuma son kuɗin da ba su son a kira sunansu.
Ya tsaya bayana yana juya shayin da ya huce.
"Delyth, ɗan rage masa faɗi."

Na ja layi.
Kafaɗar Ivor ta tafi, sai hannu, sai hula.
Inuwarsa ce ta ƙi tashi,
ta miƙe a ƙasa har takalmin yaron farko.
Na bar ta. Ba wanda ke karanta ƙasa.

Kada ku ɗauka kuka nake masa.
An biya shi, ya rufe bashin gida, ya sake rufin gareji.
Abin da ke cina daban ne:
in wata rana ɗaya cikin ɗari ukun nan
ya buɗe wuta a bakin kasuwa,
uwar mamaci ta zo da hoton a hannu
tana neman wanda ya tantance shi, ya ce ya cancanta,
ƙofar wa za ta buga?
Tamu ba allo.

Ƙarfe shida Ivor ya kira, ana ruwa a bayan muryarsa.
'Yarsa ce ke son hoton, za ta rataye a falo.
Na ce zan duba.

A ƙasa mai agogo yana jan ƙyaure.
Ta gilashi na ƙirga goma sha ɗaya,
kowanne da lokacin da yake faɗa,
kuma duk an ce an gyara su.