Ɗaki Na Huɗu

Shekara talatin da biyu ina shiga sanyin nan,
da rigar ulu, a tsakiyar zafin Umdurman.
Maƙwabta su ce baɗaɗis, ni in ce dankali,
buhu dai buhu ne, ba ya jin yare.

Daga Shahainab motoci ke sauke shi,
laka ta Nilu manne da fatarsa.
Ni jarina hanci ne da babban yatsa:
in latsa, in sansana, in ware.
Ruɓaɓɓe bai taɓa ɓoye mini ba,
warinsa kan riga shi sallama.

Bana Alhaji Ɗayyib ya zo da Ihlas,
'yar jami'a, kwamfuta a jaka,
da wani ido bai fi ƙwallon dabino ba.
Na ce a raina, to Jibo,
ga mai cire maka loma a baki.

Ta sa hannu a tulin da na wanke daga laifi,
ta ɗauko ɗaya, sumul, ko ƙurji babu.
Ta haska shi. Allo ya yi rubutu.
"Baba, yanka mana wannan."
Na yanka don in ba ta kunya.

Cikinsa baƙi ƙirin, gindin tukunya.

"Baƙar zuciya ake ce masa," in ji ta.
"Ba tsutsa ba ce, ba ƙwayar cuta ba,
numfashi ya nema ya rasa.
Na'ura ta ce an yi wani dare
da ɗaki na huɗu ya shaƙe."

Na san daren.
Wuta ta ɗauke, janareto ya yi tari ya mutu,
ni na kwaso buhunan wofi
na cusa a kowace kafa
don kada sanyi ya tsere.
Ashe dankali ma yana shan iska.
Ashe tausayina ne ya maƙure su,
buhu ɗari biyu da bakwai.

Ban ci kisira ba ran nan.

Kwana uku, sai ga ta a bakin ɗaki na biyu,
dankali a tafi, yana tsatso ruwa.
Allo ya tsaya cak, yana tambaya:
akwai wari? Wane iri?
Idon nan nata ya duba, ya duba,
ba a yi masa hanci ba.

Ta miƙo mini, ba ta ce komai ba.

Na shaƙa. "Rubuta: kifin da ya kwana a rana.
Wancan kuma, ƙasa bayan yayyafi.
Kada ki haɗa su, ba uwarsu ɗaya ba."
Ta rubuta. Allo ya ba kowa sunansa,
wani dogon suna da ya fi ƙarfin harshena.

Yanzu da asuba tare muke shiga,
ita da jakarta, ni da wuƙata.
In ta ce yanka, ba na musu.
In na ce tsaya, takan tsaya.
Kafar iskar ɗaki na huɗu kuwa,
ni nake duba ta kafin in sha shayi.