Keken Haya a Bakin Mawddach

A Dolgellau muka karɓi kekunan haya,
huɗu, da hular kwano huɗu.
Tawa ta ƙi zama a kan ɗankwali
sai da Haulatu ta sassauta mini igiyar,
tana dariya ƙasa-ƙasa,
wai Umma, kin koma laimar kwaɗi.

Shekarata arba'in da uku.
Bara na koyi keke,
a filin ajiye motoci na asibitinmu, bayan aikin dare,
ba mai kallo sai hankaki biyu.
Gwiwata ta hagu har yau tana ba da shaida.

Hanyar tsohon layin dogo ce, an kwashe ƙarafan,
an bar ta shimfiɗe kamar tabarmar baƙo.
Ba hawa, ba gangara, ba hon ɗin mota.
Dama ruwa, hagu itatuwa,
can birbishin itatuwan kuma dutse,
Cadair Idris, ya saɓa gajimare a kafaɗa
kamar dattijo da babbar riga a ƙofar gida,
wanda ba ya jiran gaisuwar kowa.
Na gaishe shi duk da haka,
da ka, don hannuwana ba su yarda su saki ƙaho ba.

Babansu na gaba, yana waige.
Mudassir na tsakiya, yana buga ƙararrawa
ga tumaki, ga gada, ga iska.
Ni ce kurar baya, idona kan tayar gaba,
ina ƙirga tsakuwa.

Kusa da gadar katako ta Penmaenpool
wani tsoho, Emrys, ya ɗaga mana hannu: a hankali.
Ya miƙa wa yaron madubin hangen nesa,
ya nuna bakin laka.
Ga shi tsaye da ƙafa ɗaya,
dogon wuya, rigar toka, haƙurin mai fatsa.
Tsohon ya faɗi sunansa da harshensu,
Haulatu ta nemo shi cikin littafinta,
ni kuwa bakina ya riga ni: zalɓe!
Shi ne dai, wallahi, na fadamar Nguru,
wanda muke jifa da hoge muna yara
bai taɓa kula mu ba.

Zalɓe, in ji Emrys, ya gwada sau uku,
ɓ ɗin ta ƙi fita.
Muka yafe masa.

Sai ga tsattsewa, sun fi ashirin,
suna yankan iska dab da ruwa.
Ya ce wata biyu suka rage musu a nan,
sanyi na leƙowa za su tashi,
su ƙetare teku, su ƙetare Sahara,
wasu ta kan garinku za su bi.
Ba biza, in ji babansu.
Mudassir ya yi shiru, ya daɗe.
Ya ce to in za su dawo
su taho masa da aya daga wurin Kaka.

Muka hau.
Ban san sa'ar da na daina kallon taya ba.
Na dai tsinci kaina ina bin guda ɗaya da ido,
ta yi sama, ta karkata, ta bi gefen dutsen,
ƙafafuna na aikinsu ba da izinina ba,
har na wuce yaron, na wuce uban,
mayafina na kaɗawa a baya
Haulatu na ihu: Umma, birki!

A doguwar gadar Barmouth muka sauka,
teku a gaba, duwatsu a baya.
Burodi da dambun nama, shayi ya huce a gora.
Cinyoyina na rawa kamar mazari.
Mil tara, in ji babansu, yana duban agogo,
kuma mil tara ne komawa.

Na gyara hular da kaina.
Na ce ku biyo ni.