Bayan Jambutu

Mun bar Hausare ranar Laraba,
katifa biyu, keken ɗinki, tukunyar Goggo Dudu
a bayan motar yashi.
Maƙwabta na bakin zaure suna ƙirga kayanmu.

Nan bayan Jambutu gidan namu ne,
ba mai buga ƙofa ƙarshen wata.
Bulo tsirara, ko shafe babu,
taga ɗaya buhun siminti ke tsaronta.

Sai dai shiru. Shirun har kunne yake ci.
Kiran salla kan iso a gajiye
kamar shi ma da ƙafa ya tako.
Fitilun Garwa na can, ba ruwansu da mu.
Mai babur ya ce dala ɗari,
in an yi ruwa jaka guda,
"hanyarku taya take ci."

A can, gishiri ta katanga ake miƙowa.
A nan maƙwabcina harsashin gini ne,
da ƙadangaru,
da gyaɗar wani da ban taɓa gani ba.

Jiya Tasalla ta dasa darbejiya,
ko gwiwa ba ta kai ba.
Na ce, wa zai sha inuwar wannan?
Ta ce, "Wanda zai zo roƙon gishiri."