Baƙon da Ba Ya Sallama

Ƙarfe biyun dare, Damagaram ta yi tsit,
duwatsun Birni na amayar da zafin yini.
Ni kaɗai a ɗakin awo, sai fanka mai tari,
na sunkuya kan madubi kamar mai neman gafara.

Ɗigo ɗaya na shafa a gilashi,
na rina shi ya yi ja kamar lalle,
na duba.
Ga su nan, birjik,
kamar tsakin shinkafa a gindin turmi.
Ba ƙafa, ba fiffike, ba ko bakin cizo,
amma su suka kayar da Barmu,
saurayin da ke tura kura mai jarka goma
daga famfon Garin Malam har Sabon Gari
bai tsaya ya share gumi ba.

Uwarsa Cima na zaune a bakin ƙofa tun la'asar.
Ta ce, likita, wallahi ba mu yi sake ba.
Na saya masa ƙwaya wurin mai tire a Kasuwar Dole,
guda huɗu, dala arba'in,
da zazzaɓi ya sauka muka ce an gama.
Ban ce mata komai ba.
Wa zai yi wa mai dala arba'in wa'azin ƙwaya ashirin?
Amma maciji ne aka taka wa wutsiya,
aka bar shi da kansa, da wayonsa.

Jiya na shuka su a faranti,
na jera musu magani shida, farare, ƙanana kamar anini.
Da can, kowane farin yakan share fili a gewayensa
kamar gindin bishiyar da tsohuwa ke zama,
ba mai kusantowa.
Yau biyar an cinye musu fili,
an hau su, an yi gida a kansu,
yadda gara ke yi wa azara.

Wa ya koya muku wannan karatu?
Mu ne.
Rabin ƙwaya yau, rabi jibi,
sauran a zuba wa kaji a kasko.

Kuma ba ku da gari, balle a kai ƙara wurin mai unguwa.
Jandarma a Ɗan Barto yana buɗe buhu, yana buɗe jaka,
ba ya buɗe hanji.
Kuna hawa motar Agadas ba ku biya ko tamma ba,
kuna kwana a tafin hannun da aka miƙa don gaisuwa,
a bakin moɗar da matafiya bakwai suka sha,
ku wayi gari a jirgi.
Na tabbata a wani birni bayan teku,
inda famfo bai taɓa yin ƙarya ba,
akwai wata mai farar riga irina
sunkuye kan faranti, tana ƙirga abin da ya rage.
Ba ta san sunana ba,
amma rijiya ɗaya muke leƙe.

Asalatu. Ladanin Zango ya gyara murya.
Na shidan nan yana nan da gewayensa,
siriri kamar zoben azurfa da ya sha hannu.
Na auna, na sake aunawa,
na rubuta sunansa a takarda da manyan baƙaƙe,
na ce wa Cima, kwana goma, ko ya tashi ya yi rawa,
kwana goma, kada a rage ɗaya.
Ta ƙulle takardar a gefen zane, inda take ƙulle kuɗi.

Na koma in wanke hannu.
Famfo ya yi kaki, ya huro iska, ya yi shiru.
Na ɗauki buta da guntun sabulu,
na tsiyayo daga jarkar da ke bayan ƙofa,
rawaya, mai murfin leda.
Barmu ne ya kawo ta ran Laraba.